Tamanin Ko Ɗari da Sittin

Warin kanumfari ne ya fara tona asiri. Tenri ba ta shan taba, ba ta ma son a sha kusa da ita, amma ranar Litinin da ta dawo daga cin abincin rana sai ta tarar kujerarta tana tashin tabar nan mai kanumfari, kuma an sassauko da ita ƙasa, alamar gajeren mutum ya zauna. A duk ofishinsu da ke hawa na uku a birnin Surabaya, gajere mai shan wannan taba ɗaya ne tak: Pak Wiryo, wato Baba Wiryo, babban injiniyansu, dattijon da ya girme wa mahaifinta.

Ta ɗaga kujerar ta zauna, ta buɗe aikinta. Inda ta rubuta ɗari da sittin, yanzu tamanin ne a zaune.

Kamfanin nasu bai taɓa kafa ko turke ɗaya ba. Aikinsa shi ne ya gina layin wuta a cikin kwamfuta, ya gwada shi ta kowace fuska, sannan ya gaya wa masu aikin ko ya cancanci a gina na gaske. Wannan karon waya ce za a shimfiɗa a ƙarƙashin teku zuwa tsibirin Tanabau. Doguwar waya a cikin ruwa ba ta jituwa da wutar gida mai kai-komo, sai miƙaƙƙiyar wuta mai tafiya gefe guda, irin ta batir. Wayoyi biyu ne, ɗaya tana kai ƙarfin dubu tamanin, ɗaya tana dawo da dubu tamanin. Kowace mahaɗa a kan layin sai an rubuta mata ƙarfin tushe, wato mudun da manhajar za ta auna komai da shi. In mudu ya sauya, duk awon ya sauya.

Da ɗari da sittin, wutar da ke zubewa a hanya biyu ce cikin ɗari. Da tamanin kuwa, takwas ce. Masu aikin sun riga sun faɗa da bakinsu cewa in asarar ta haura biyar, za su ajiye maganar waya su ƙaro wa tsibirin wani injin dizal. Tanabau kuwa garin su Tenri ne. Can aka binne cibiyarta, can mahaifinta yake kamun kifi, can kuma kifin yake ruɓewa duk ranar da injin garin ya mutu ƙanƙara ta narke.

Ta goge tamanin ta mayar da ɗari da sittin. Tun tana makaranta aka koya mata tsakanin waya da waya ake auna ƙarfi, kuma tsakanin waɗannan biyun ko ɗan firamare ya san ɗari da sittin ne. Ta ɗaga kai ta dubi teburin Pak Wiryo. Yana can yana kurɓar shayi, da suka haɗa ido ya yi mata murmushin nan nasa mai sanyi, ya ɗan rusuna kai.

Washegari ma haka. Ta fita, ta dawo, tamanin.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ladabin. Pak Wiryo mutumin garin Solo ne, kuma mutanen Solo, Allah ya ba su haƙuri, suna iya shekara suna fushi da kai kana zaton sun fi kowa ƙaunarka. Ba ya nuna abu da ɗan yatsa, sai da babban yatsa, yana ɗan sunkuyawa. Bai taɓa ce wa kowa a'a ba, sai dai ya ce, "To, mai yiwuwa, za a duba." Ita kuwa Tenri 'yar bakin teku ce, inda ake ƙwala wa mutum magana daga wannan jirgi zuwa wancan saboda iska. A wurinsu wanda ya yi maka shiru, ko dai kurma ne ko yana shirya maka wani abu.

Ranar Laraba ta sauka rumfar mai abinci ta ƙasan bene tare da Togar, abokin aikinta, ƙaton ɗan ƙabilar Batak mai murya kamar ta ɗan kamasho. Ana ta zuba ruwan sama, babura sun cunkushe ƙarƙashin rumfunan shaguna. Ta sa cokali cikin baƙar miyar naman da aka kawo mata ke nan sai ta hango Pak Wiryo a can kusurwa tare da wani mai ƙiba da zoben dutse a yatsu uku. Kawunansu a haɗe, maganarsu ƙasa-ƙasa.

"Bang Togar," ta ce, wato Yaya Togar, "wane ne wancan?"

Togar ya waiga ba tare da ya daina tauna ba. "Wanne? Mai tumbin? Ƙanin matarsa ne. Shi ke da jiragen nan masu kai dizal tsibirai."

"Waɗanne tsibirai?"

"Duk inda aka ga inji yana hayaƙi. Har naku, ina jin." Ya dube ta ya yi dariya. "Ke, 'yar tsibiri, ci abincinki. Kin zura wa mutane ido kamar sun sace miki kwale-kwale."

"Yaushe suka fara cin abinci tare?"

"Tun kafin a haife ki. Me ya faru?"

"Ba komai."

"Ba komai, in ji 'yar Tanabau. Wata uku a cikin su Pak Wiryo har kin koyi yarensu." Ya ja farantin barkono gabansa. Can ya ce, yana duban shinkafarsa, "Yaya lambobinki? Har yanzu suna da kyau?"

"Lafiyarsu lau."

"Madalla. Kyawawan lambobi ne kam. Ban taɓa ganin masu kyan su ba."

A lokacin ta ɗauka yabo ne, don hankalinta duk yana kan zoben dutsen nan. Lissafin ya fito mata sarai: in aka shimfiɗa waya, jiragen dizal sun rasa ciniki, in asara ta kai takwas, ba waya. Ga mai jirage, ga mijin yayarsa, ga lambar da ke sauya kanta duk tsakar rana. Miyar ta fita daga ranta gaba ɗaya.

Tana hawa bene wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce, ana jin kukan kaji da ƙarar teku a bayanta.

"Tenri, injin nan ya sake mutuwa tun jiya. Babanki ya sayar da kifinsa a wulaƙance, rabi ma shanyawa muka yi."

"Sannunku, Mama."

"Ai an kusa daina yi mana sannu. Na gaya wa matan majalisi 'yata ce ke kawo wutar. Matar mai gari har da kawo mini ayaba." Ta rage murya. "Kin san me? Babanki yana so ya sayar da ƙaramin injin jirginsa ya sayi firiza, ƙatuwa, mai cin kwando shida. Ya ce kafin wutar ta iso kowa ya farga farashi ya tashi."

"Mama, ya ɗan dakata tukuna."

"Akwai matsala ne?"

Tenri ta dubi ƙofar ofis. "Babu. Wanda zai kawo matsalar ne nake shirin kamawa."

Ta kwana tana saƙa da warwara. Ta kai ƙara wurin shugabarsu, Bu Lastri, wato Madam Lastri? Da wace hujja, warin taba? Shekara ashirin suna aiki tare da Pak Wiryo, ita kuwa jiya ta zo. Kuma da ta fara tunani sai ta ga ita ma Bu Lastri kwanan nan ta canza mata: ta daina tsayawa a teburinta, in za ta yi maganar Tanabau sai ta kira Pak Wiryo ofishinta ta rufe ƙofa. Ko da ita aka haɗa baki? Kafin gari ya waye, babu wanda Tenri ba ta tuhuma ba a ofishin nan, har mai shara.

Ranar Alhamis da rana ta miƙe ta rataya jakarta, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Zan je kasuwa in dawo, zan ɗan jima." Ta fita ta ƙofar gaba, ta zagaya ta baranda, ta shige ɗan ɗakin sallarsu ta ajiye takalmanta a ciki. Ɗakin yana da tagar luba da ke kallon cikin ofis. Ta durƙusa a kan darduma ta ɗan buɗe gilashi ɗaya, tana jin kunyar abin da take yi a irin wannan ɗaki, amma kunyar ba ta tashe ta ba.

Mutane suka watse cin abinci. Togar ya tsaya yana waya a bakin ƙofa. Pak Wiryo ya shanye shayinsa, ya goge bakinsa, ya dubi hagu da dama. Sannan ya taso a hankali, ya zo teburinta, ya sassauko da kujera, ya zauna. A kan idonta ya buɗe mahaɗar farko ya goge, ya buɗe ta biyu ya goge. Da ya gama bai tashi ba, ya dafe goshi kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ba ta ko tsaya sa takalmi ba.

"Pak Wiryo, me kuke yi a aikina?"

Ya zabura har kujerar ta gungura. Ko a haka bai manta Mbak ba, kiransu na girmama budurwa. "Af, Mbak Tenri. Kin dawo da wuri."

"Ban je ko'ina ba. Tun Litinin nake mayarwa kuna canzawa. Me na yi muku?"

"Zauna, 'yata, mu yi magana a hankali."

"Ba zan zauna ba, kuma ba zan yi a hankali ba." Muryarta ta bakin teku ta fito da kanta. Togar ya kashe wayarsa. Ƙofar Bu Lastri ta buɗe. "Na gan ku jiya da ƙanin matarku. In waya ta je Tanabau jiragensa sun tashi aiki, ko ba haka ba? Shi ya sa kuke kumbura asarar ta kai takwas. Mutanen garinmu kifinsu na ruɓewa, ku kuna nan kuna shan shayi kuna yi mini murmushi."

Ba a taɓa yi wa Pak Wiryo magana irin wannan ba, ko matarsa ba ta taɓa yi ba. Fuskarsa ba ta motsa ba, kunnuwansa ne kawai suka yi ja. Ya matsa gefe, ya nuna allon kwamfutar da babban yatsansa.

"Mbak, in ba damuwa, karanta mini ɗan akwatin da ke ƙarƙashin ƙarfin tushen."

Ta leƙa cikin fushi. "Yawan wayoyi. Biyu."

"Wa ya rubuta biyun?"

"Ni."

"To manhajar nan ta riga ta san biyu ne. Abin da take nema a wurinki ƙarfin waya ɗaya ne, tsakaninta da ƙasa. Ita za ta ninka da kanta. In kika ba ta ɗari da sittin, sai ta sake ninkawa, ta ɗauka layin ya fi ƙarfinsa sau biyu. In ƙarfi ya ninka..."

Bai ƙarasa ba, ba ta kuma bukaci ya ƙarasa ba. In ƙarfi ya ninka, abin da ke gudana a wayar ya ragu rabi, asara kuwa ta ragu sau huɗu. Wannan karatun shekarar farko ne. A wutar kai-komo, wadda ta yi ta aiki da ita a tsohon wurinta, tsakanin waya da waya ake rubutawa, hannunta ya saba har ba ya tambayar kai.

"Ban yarda ba," ta ce, amma muryar ta riga ta sauka.

Ta figi alƙalami ta je farin allon bango, ƙafa ba takalmi. Ta ajiye maganar kwamfuta gaba ɗaya, ta ɗauko tsawon wayar da kaurinta da wutar da za ta ɗauka, ta yi lissafin da hannu kamar ranar jarrabawa. Da ta iso ƙasan allon ta tsaya, ta koma sama ta sake bi layi-layi, tana neman kuskuren da zai cece ta. Babu shi. Takwas ce, da ɗan ɗoriya ma.

Ta juyo. Ta yi tsammanin za ta ga fushi ko gatse, sai ta ga Pak Wiryo yana kallonta baki a ɗan buɗe, idanunsa sun ciko.

"Ashe ba ki sani ba?" ya ce.

"Ban san me ba?"

"Wallahi ba ta sani ba, Bu. Dubi fuskarta." Ya shafa ƙirjinsa ya sauke wani dogon numfashi. "Alhamdulillahi."

Tenri ta dube shi, ta dubi Bu Lastri, ta dubi Togar, wanda ya sami wani abin sha'awa a kan takalminsa. Sai a lokacin maganarsa ta jiya ta dawo mata, kyawawan lambobin da bai taɓa ganin masu kyan su ba.

"Kun ɗauka da gangan na yi."

Bu Lastri ta gyara gilashinta. "Garinku ne, Mbak. Kuma kuskuren ya faɗo daidai inda zai amfane ku. Me za mu ɗauka?"

"Ranar farko na ce ƙila mantuwa ce," in ji Pak Wiryo, "sai na gyara a ɓoye don kada a ji. Washegari na ga kin mayar. Na sake gyarawa, na ce ƙila za ki gane an gani, ki janye ba tare da kowa ya ji kunya ba. Kika sake mayarwa. To daga nan kam na daina barci sosai."

"Litinin mai zuwa da na mayar da ke wani aikin," Bu Lastri ta ce a hankali. "Da mun ce an fi bukatarki a can."

"Kuma da har abada ban san dalili ba."

Babu wanda ya musa.

Kwana da kwanaki tana bin dattijon nan da ido tana ce masa maci amana a ranta, ashe shi ma yana can yana kurɓar shayi yana ce mata haka, ofis gaba ɗaya yana taya shi, kowa da murmushinsa.

"Me ya hana ku faɗa mini, Pak? Kalma ɗaya."

"Haba, 'yata. In dubi idon mutum in ce ya yi maguɗi? Da wane baki?"

"A garinmu ana faɗa. A yi cacar baki, a huce, a ci kifi tare."

"A garinmu ma," Togar ya sa baki. "Ni da na so in faɗa, suka ce in na buɗe baki za a ji har tashar jirgi."

Babu wanda ya yi dariya. Saura magana ɗaya a ƙasa, kuma kowa ya san ta. Tenri ta matso ta kama hannun Pak Wiryo da hannu biyu ta kai goshinta, yadda ake yi wa iyaye.

"Ku yafe mini abin da na ce game da ƙanin matarku."

"Ba komai, Mbak. Ba komai ko kaɗan."

Ya faɗa da taushi ƙwarai, kuma ta zauna da su isasshen lokacin da za ta san wannan ba komai ɗin zai daɗe bai goge ba. Ta kuma lura, don idon da ya koyi tuhuma ba ya saurin mantawa, cewa bai ce mai jiragen ba zai ji daɗin takwas ɗin ba. Zai ji daɗi mana. Lambar gaskiya ce, kuma za ta yi masa daɗi, duka biyun a lokaci guda.

Aka watse. Ta ɗauko takalmanta daga ɗakin salla ta zauna a kujerarta, ba ta ko ɗaga ta ba. Tamanin na nan inda ya bar shi. Ta bi sauran mahaɗun ɗaya bayan ɗaya da kanta, ta gwada waya mai kauri, ta gwada wata hanyar a cikin tekun. Asarar tana sauka ƙasa da biyar in an kusa ninka tagullar cikin wayar, kuma ta san irin fuskar da masu aikin za su yi in sun ji haka.

Abin da ya fi damunta ba wanda ya faɗe shi. Ranar da biyu ta fara fitowa a allon nan, murna ta yi ta kira gida. Da takwas ce ta fito tun farko, da ta kwana uku tana tone aikin har sai ta gano dalili. Biyun kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaukar alƙalami ta gwada ta ba. Ta tuhumi dattijo, ta tuhumi shugaba, ta tuhumi mai shara, lambar da ta yi mata daɗi ce kawai ta bari ta wuce ba bincike. Ba da gangan ta yi ba, wannan gaskiya ne, amma ta kasa rantsewa cewa son garinsu bai taya hannunta ba.

Bayan la'asar ta fita baranda ta kira gida. Ruwa ya ɗauke, titi ya cika da hayaƙin babura.

"Mama, ina Baba?"

"Ya tafi gyaran komar kifi. Kin kama mutumin?"

"Babu wani mutum, Mama. Ku ce wa Baba kada ya sayar da injin nan. Maganar wayar ba ta tabbata ba, ƙila ma ta ɗauki shekaru."

Ta jiyo kajin nan da tekun a can.

"Tenri, ai ya sayar tun jiya da yamma, bayan mun gama waya. Ni na ce masa kin ce babu matsala." Mahaifiyar ta ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Firizar ma ta iso a jirgin safe. Maza huɗu suka ɗauko ta daga bakin ruwa, yara na bin su. Tana nan a falo, na rufe ta da zanen bikinmu don kada gishiri ya taɓa ta."